Tambaya da Amsa: Ina son sa wa motata naitiros, wace hanya zan bi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Honda Accord 2005 mai silinda huɗu, ita nake hawa daga Samaru zuwa wurin aikina a PZ, nan Zariya. Ina ganin bidiyon masu tsere suna danna maɓalli mota ta zabura, an ce iskar naitiros ce. Na duba intanet na ga kala uku, farashinsu ya bambanta sosai. Wanne zan saya? Daga wani mai karatu a Samaru.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari mu fara da abin da ke cikin tukunyar da ake ajiye iskar, don sai ka san shi za ka gane inda haɗarin yake. Naitiros ita ce iskar da masana ke rubutawa N2O. Ita kanta ba ta ba mota ƙarfi. Iskar da muke shaƙa kashi 23 cikin 100 na nauyinta ne oksijin, ita kuwa naitiros kashi 36 ne. Idan ta shiga silinda zafi ya kai wajen digiri 300, sai ta rabu ta saki oksijin ɗin, injin ya samu damar ƙona fetur fiye da yadda ya saba. Fetur ɗin ne ke ƙara ƙarfi. Sannan a ruwa take cikin tukunya, tana fitowa ta zama iska mai tsananin sanyi, ta sanyaya abin da injin ke zuƙa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, Jamusawa sun sa ta a jiragen yaƙinsu a Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin NOS na Amurka ne ya yaɗa ta a motoci, har sunansa ya bi ta kamar yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo.

Hanya ta farko ita ce busasshiya. Nozul ɗaya ke fesa naitiros zalla a bututun iska, ƙarin fetur kuma a bar wa injektocin motar masu fesa wa injin mai, ko dai a ɗaga ƙarfin famfon mai ko a sake saita kwamfutar motar, wadda bakanike ke kira birenbos. Ita ce mai araha, ita ce kuma na fi jin tsoronta a nan. Motarka ta shekara ashirin, injektocinta sun sha man 'yan bumburutu. Idan ɗaya ya ɗan toshe, silindar nan za ta samu oksijin mai yawa da fetur kaɗan, wutar ta yi zafin da ya wuce kima. Na taɓa riƙe fiston da ƙarancin mai ya cinye a wani gareji a Sabon Gari: samansa ya huje, ramin ya isa babban yatsa ya shiga, gefen ramin ya narke kamar kyandir. Wannan ma ba naitiros a motar. Da ita, cikin daƙiƙu kaɗan hakan ke faruwa.

Ta biyu jiƙaƙƙiya ce. Nan naitiros da fetur tare suke fitowa, kowanne da bawul ɗinsa na lantarki da ɗan ƙaramin jet mai auna yawansa, ta nozul ɗaya kafin totur, ko ta wani faranti da ake ɗorawa a ƙarƙashin kafireto a tsofaffin motoci. Amfaninta shi ne ba ta jiran kwamfuta ta ƙaro mai. Aibinta kuma, manifol, wato bututun da ke raba wa silindodi iska, a mota mai injekta don iska kawai aka ƙera shi. Idan ka danna injin na tafiya a hankali, fetur ya kwanta a ciki, zai iya tashi da wuta ta baya ya fasa manifol. Shi ya sa ake haɗa ta da makunnin da ba ya barin ta aiki sai an taka totur har ƙasa kuma juyin injin ya haura 3,000 a minti.

Ta uku, kowace silinda da nozul ɗinta. Ta motocin filin tsere ce da aka sake wa fiston, ka cire ta daga lissafi.

Idan dole ne, jiƙaƙƙiya mai nozul ɗaya, da jet ɗin da bai wuce ƙarfin doki 50 ba. Injinka wajen doki 160 ne, ka ga ka ɗora masa kusan kashi ɗaya bisa uku a lokaci guda. Kafin nan sai an auna matsin kowace silinda, an gwada famfon mai, an sa fulogi masu jure zafi, an ja tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, baya kamar digiri 2, kuma giyar motar ta iya ɗauka.

Amma ni ban ba ka shawarar saye ba, kuma dalilina na farko tukunyar ce. Wadda aka fi sayarwa tana cin kilo 4.5. A kan doki 50, duka-duka minti uku zuwa huɗu na dannawa ne ta ƙare. Kafin ka biya ko kwabo, nemo wanda zai riƙa cika maka ita, ka ji kuɗinsa, ka ga wurinsa da idonka. Ta asibiti ta marasa lafiya ce, ba ta mota ba. Kuma tun 2023 hukumar NDLEA ta sa ido kan cinikin iskar nan saboda matasan da ke shaƙarta a balan-balan, don haka ka san irin tambayar da za ka amsa a shingen bincike.

Sai zafinmu. An tsara tukunyar ta zauna a matsin 900 zuwa 950 a ma'aunin psi, wato a zafin da bai wuce digiri 30 ba sosai. Da ta haura digiri 36, matsin ya riƙa tashi da sauri. Ka tuna but ɗin mota da aka ajiye a rana a watan Afrilu, wanda ko ƙarfensa ba ka iya taɓawa. Akwai murfin kariya da ke fashewa ya saki iskar, amma in ba a ja masa bututu zuwa waje ba, cikin motar za ta cika. Da hunturu kuma matsin ya faɗi, lissafin jet ɗin ya canza.

Abin da ya fi damuna shi ne inda za ka danna. Daga Samaru zuwa Kwangila ɗalibai ne, 'yan acaɓa, masu Keke Napep, yara masu talla. Hanyar Kaduna da ta Kano kuwa tireloli ne. Birkinka da tayoyinka na nan yadda suke, ƙarfi kawai ka ƙara. Kuɗin nan, ka kai su ga tayoyi huɗu masu kyau, birki, wanke injekta, sabbin fulogi da man giya na asali. Motar za ta sake a hannunka kullum, ba na minti huɗu ba.

Tambaya: Oga, wani ya ce mini ba sai na sayi naitiros ba, oksijin ɗin masu walda ma zai yi. Gaskiya ne? Daga Tudun Wada.

Don Allah kada ka gwada, kada ka bar kowa ya gwada a motarka. Naitiros tana da kashi biyu na naitirojin da ke rage kaifin wutar, kuma ba ta sakin oksijin sai ta ji zafi a cikin silinda. Oksijin zalla ba shi da wannan linzamin. Da shi mai walda ke yanka ƙarfe, kuma idan ya haɗu da giris ko baƙin mai yana iya kamawa da wuta ba tare da ashana ba. Injin mota kuwa ko'ina maiƙo ne.

Tambaya: Na ga wani ɗan akwati da aka rubuta wa Nitro, ana soka shi a ramin da ake sa na'urar gwajin mota, an ce yana ƙara ƙarfi. In saya? Daga Gyallesu.

Babu naitiros a cikinsa ko ɗigo. Waɗanda suka buɗe irinsa sun tarar da 'yan fitilu ne masu ƙyaftawa, ba ya ko magana da kwamfutar motar. Riƙe kuɗinka, ka sayi matatar iska sabuwa, don ƙurar hunturu ta riga ta toshe wadda ke ciki.