Kalifar burkin tsohuwar mota: a farfaɗo da ta gida ko a sayo wata?

Tambaya daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi: “Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Mercedes-Benz 230E ƙirar 1982, wadda ta yi kusan shekara uku a ajiye. Da muka tashe ta, sai ƙafar gaba ta dama ta riƙa ɗaukar zafi, motar kuma tana jan gefe idan an taka burki. Makanikinmu ya ce kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan burki, ita ce ta cije, kuma ya samo mana guda ɗaya hom-yus, wato tsohuwa da aka shigo da ita daga waje, a kasuwar kayan mota ta Suame Magazin. In saya, ko in sa a gyara tamu?”

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kafin kuɗi ya fita daga aljihunka, ina so ka tabbatar cewa kalifar ce da kanta ta cije, domin tsohon tiyon roba da ke kai mata man burki yakan ruɓe ta ciki, ya bar mai ya shiga amma ya hana shi komawa, kuma alamomin ciwon biyu iri ɗaya ne. A ɗaga ƙafar da jak, a taka burki sau uku ko huɗu a saki, sannan idan tayar ta ƙi juyawa a sassauta ƙaramar kusar da ake fitar da iska ta cikinta. Idan mai ya yi tsartuwa kuma tayar ta saki nan take, to matsin ta baya yake maƙalewa, wato a tiyo ko a babban famfon burki, kuma kalifarka ba ta da laifi. Idan tayar ta ci gaba da riƙewa, maganar makanikinka ta tabbata.

Motarka tana cikin jerin da kamfanin ya sa wa lamba W123, waɗanda aka fara ƙerawa a 1976 aka daina a tsakiyar shekarun 1980. Kalifar gabanta ƙarfe ne mai ɓari biyu da ke rungume faifan burki, da fistin ɗaya a kowane ɓari, kuma ba kamfani ɗaya ne ya yi wa Mercedes-Benz ita ba: akwai ta ATE, akwai ta Bendix. Dukansu suna hawa gurbi ɗaya, shi ya sa mai shago zai iya rantse maka cewa ita ce, alhali robobinsu da fistinsu da ƙananan ƙarafan da ke riƙe takalmin burki ba sa shiga na juna. Sunan kamfanin yana nan a zube a jikin ƙarfen; a goge tsatsa da burushin waya a karanta, a ƙafar dama da ta hagu duka, domin mota mai shekara sama da 40 ta bi hannaye da yawa, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar wani ya riga ya haɗa mata iri biyu.

Ra’ayina shi ne a buɗe taka tukuna. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a cikin kalifa robar da ke tare mai tana zaune ne a wani ɗan kwari da aka zana a bangon ramin da fistin yake ciki, fistin kuma shi ne yake zamewa a jikinta. Saboda haka santsin jikin fistin shi ne ran aikin, ba santsin bangon rami ba. Robar nan mai kusurwa huɗu ce, tana ɗan lanƙwashewa idan fistin ya fito, idan an saki burki kuma ta koma yadda take ta janyo shi baya kaɗan, gwargwadon abin da zai raba takalmi da faifai. Motar da ta yi shekara uku a tsaye cikin damshin Kumasi, man burkinta ya sha ruwa daga iska, robar da ke tare ƙura ta tsage, tsatsa ta taru a bakin ramin da cikin kwarin nan ta matse fistin. Mafi yawan lokaci iyakar ciwon ke nan. Idan an fito da fistin aka ga jikinsa sumul, to a kankare tsatsar kwarin har sai ya yi fes, a sa sabbin robobi, kalifar ta dawo aiki. Idan kuwa farin rufin jikinsa ya ɓamɓare, ko ya yi ƙananan ramuka kamar zanen ƙyanda, to a jefar da shi a sa sabo. Kada ka yarda a goge shi da samfefa a mayar, domin zai yanka sabuwar robar cikin ’yan makonni, mai ya fara zuba a kan takalmin burki.

Har yanzu ana yin robobi da fistin na wannan mota a Turai, kuma kaya ne marasa nauyi da ɗan’uwa mai zuwa daga Jamus zai iya sakowa a jakarsa, muddin ka aika masa da lambar shasi, da sunan kamfanin da ke jikin kalifar, da faɗin fistin da aka auna da ma’auni, ba da ido ba. Masu injin feƙe ƙarfe a Suame Magazin suna iya fitar da fistin daga ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma na yarda da wannan hanya idan an rasa na kamfani, da sharaɗin mai aikin yana da ma’aunin da ke karanta ƙasa da milimita kuma zai iya fito da santsi kamar madubi. Robar kuwa ba a ƙirƙirarta, ba a kuma maye gurbinta da zoben roba na famfon ruwa.

Akwai abubuwa uku da nake roƙon ka tsaya a kansu ranar aikin, ko da Masta, makanikinka, zai ga kamar ka cika sa ido. Kada fetur, ko kananzir, ko baƙin mai, ko giris na gama-gari ya taɓa robobin, domin irin robar burki tana kumbura idan ta haɗu da man da aka samo daga fetur. Man burki mai tsabta ake shafa musu. Idan da iska za a turo fistin, a sa katako a tsakiya kuma kowa ya janye yatsunsa, saboda yana fitowa da ƙarfin da zai karya ƙashi. Sannan kada a kwance manyan kusoshin da suka haɗa ɓari biyun, sai in mai yana zuba ta tsakaninsu, domin akwai ƙananan robobi a ciki waɗanda galibi ba sa zuwa cikin kunshin gyara.

Ita kuma ta hom-yus ɗin, ka tuna cewa sa’ar taka ce a shekaru, wataƙila ma ta fi taka wahala, tunda a Turai gishiri ake zubawa a titi lokacin sanyi. Ana sayenta ne idan jikin taka ya tsage, ko kusar fitar da iska ta karye a ciki ta ƙi fita, ko tsatsa ta cinye kwarin roba. Ko a lokacin, gangar jiki ka saya wadda za a buɗe a sabunta, ba abin da za a ɗaura a kama hanya ba. Ka je da taka a hannu, ka duba cewa kusar iskar za ta kasance a sama idan an ɗaura, domin ta dama da ta hagu sun bambanta, kuma ku yi magana da mai shagon tun farko cewa zai karɓa idan an buɗe an tarar da ɓarna. Duk abin da aka yi wa dama a yi wa hagu a rana ɗaya.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya a Asawase: “Muna da Peugeot 504 da maigidana yake ji da ita. An rasa kalifarta, sai wani ya ce zai ɗaura ta wata motar Japan, ya yi mata mazauni da walda. Ya ce ya sha yi wa mutane.”

Hajiya, ki ba Alhaji haƙuri, amma ban goyi bayan wannan ba. An auna faɗin fistin ne daidai da babban famfo da kuma burkin baya, kuma ɗan bambanci a faɗi yana zama babba a ƙarfi: fistin mai milimita 54, alal misali, yana matsawa da kusan kashi 81 cikin 100 ne kawai na ƙarfin mai milimita 60. Idan gaba ya raunana, baya ne zai riga kamawa, motar ta juya a kan jiƙaƙƙen titi. Mazaunin walda kuma shi ne zai ɗauki dukan nauyin motar a ranar da yaro ya faɗo titi. Peugeot 504 ba ta kai ga wannan matsi ba, domin ko da yake ta fito a 1968, an ci gaba da haɗa ta a Kaduna da kuma Kenya har cikin shekarun 2000, don haka kayanta suna nan a hannun ’yan kasuwar Najeriya, kuma yana da kyau a tambaya a Abossey Okai ta Accra kafin a yanke ƙauna. A gaya wa mai nema ko salun ce, ko wagon, ko a-kori-kura, domin burkinsu ba ɗaya ba ne, musamman na baya.

Wani kuma daga Tafo ya tambaya ko dole ne a zubar da man burki bayan gyara, tunda bai ragu ba. Dole ne, Malam. Sabon man burki irin DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ya sha ruwa ma’aunin yana iya sauka zuwa wajen 155, kuma a doguwar gangara irin ta Aburi ko ta dutsen Kwahu wannan tazarar ce ke sa feda ta nutse ƙasa ba tare da motar ta tsaya ba. A sauya shi duk shekara biyu, daga kwalbar da aka fasa a gabanka, kuma kada a gauraya shi da DOT 5, wanda na silikon ne.