Amsa: Tantin farauta a sanyin Montana

Malam, ka tambaya wane tanti ya dace da ku ukun da za ku farautar barewar elk a duwatsun jihar Montana ta Amurka cikin watan Nuwamba. Shawarata ita ce tanti mai tsayayyen bango na tamfol ɗin auduga, ƙafa 12 a faɗi da 14 a tsawo, domin gadaje uku da murhun itace suna cin wuri fiye da yadda ake zato. Auduga tana barin tururi ya fita, saɓanin leda wadda raɓa ke taruwa a cikinta.

Batun murhu ya fi komai muhimmanci. Ka tabbata akwai kafar bututun hayaƙi mai jure zafi a jikin tantin, bututun ya zarce ƙololuwar rufin, a sa masa ragar tare tartsatsi. Kada a rufe tagogi ruf, saboda iskar gubar da wuta ke fitarwa ba ta da wari.

Ka shimfiɗa wani tamfol a kan rufin domin dusar ƙanƙara ta zame, ka yi amfani da turakun ƙarfe tunda ƙasa takan daskare. Idan kun dawo, kada ka naɗe tantin da danshi, domin zai yi funfuna.