Za a cire wa Babana wani ɓangare na maƙogwaro, zai sake magana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 61, ya fi wata biyar muryarsa a dushe. Da aka leƙa da na'ura aka ɗebi tsoka aka gwada, sai aka ce sankara ce a maƙogwaro, amma ba ta yi nisa ba. Za su cire wani ɓangare su bar saura. Shi tsoronsa ɗaya, kada ya farka ba murya. Zai sake magana? Kuma ciwon yana warkewa kuwa? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Ki kwantar masa da hankali, da yardar Allah zai yi magana. Don haka ma aka ƙirƙiro wannan aikin. Tun 1873 da wani likitan tiyata, Theodor Billroth, ya fara cire maƙogwaro ɗungurungum a ƙasar Ostiriya, likitoci ke neman yadda za a fid da ciwon a bar wa mutum muryarsa. Wanda aka cire wa duka, ta ƙofa a wuya zai riƙa numfashi har abada. Wanda aka cire wa ɓangare, mafi yawa suna komawa numfashi ta hanci, ko da an sa musu bututu a wuya na ɗan lokaci.

Sai dai ba lallai muryar da kuka saba ji ce za ta dawo ba. Idan ciwon yana sama da igiyoyin murya, wato 'yan tsokoki biyu a maƙogwaro da ke kaɗawa su ba da sauti, ana yanke saman a bar igiyoyin, irin aikin da likita Justo Alonso na ƙasar Yurugwai ya fito da shi a 1947, kuma murya ba ta cika canzawa ba. Idan igiya ɗaya za a ɗauke, galibi ta baki da hasken leza ba tare da yanka wuya ba, dushewa za ta saura. Idan biyun ne, murya takan zama ƙasa-ƙasa, da kaushi, ga saurin gajiya. Za ku ji shi sarai a ɗaki, amma cikin hayaniya sai an matso.

Abin da ni ya fi damuna, iyalai ba su cika tambayarsa ba: haɗiya. Maƙogwaro mai gadin huhu ne. Duk lomar da muka haɗiye sai ya rufe ƙofar iska kafin ta wuce. To an rage mai gadi, dole a farko abinci ya riƙa kuskurewa, mutum ya yi ta ƙwarewa yana tari. Shi ya sa bayan babban aiki ake ciyar da majinyaci ta robar hanci na wasu makonni, ana koya masa haɗiya kamar sabon shiga: ya riƙe numfashi, ya haɗiye, ya yi tari nan take kafin ya shaƙi iska. Mutane kan yi mamaki idan na ce ruwa ya fi komai wuya, amma haka ne, domin yana riga maƙogwaro gudu. Abu mai kauri da laushi shi ake fara ba shi. Kwanakin nan su ne masu karya zuciya, na sha ganin dattijo ya ture kwano ya ce ya haƙura. A nan ne zaman ki kusa da shi zai yi amfani, kuma kada tausayi ya sa wani ya ba shi ruwa a ɓoye kafin likita ya yarda. Abin da ya zurara huhu kan jawo nimoniya. Don haka ki tabbatar an auna ƙarfin huhunsa kafin a shiga tiyata, musamman in ya daɗe yana shan taba. Mai raunin huhu, wannan aikin bai dace da shi ba.

Batun warkewa kuwa akwai daɗin ji. Sankarar igiyar murya da aka kama a matakin farko, kusan tara cikin goma ana shawo kanta. A wannan mataki gashi da haske, wato ƙone ciwon da hasken na'ura ba tare da tiyata ba, shi ma yana ba da sakamako kusan ɗaya, don haka ba laifi ki tambayi likitansa me ya sa ya zaɓi tiyata. Ki kuma tambaya ko za a cire kaluluwar wuya, domin ciwon saman maƙogwaro ya fi saurin bazuwa can. Wani lokaci sai an gwada abin da aka cire sannan a ga ana buƙatar a ƙara da gashi da haske.

Idan ciwon zai dawo, ya fi dawowa a shekara biyun farko, shi ya sa ake bibiya a kai a kai har shekara biyar. Taba da giya kuwa sai a yi sallama da su tun yau. In kin ga muryar ta ƙara dushewa, ko numfashi yana fita da sauti, ko kumburi a wuya, ko zazzaɓi da tari bayan cin abinci, kada ku jira ranar da aka rubuta muku, ku koma asibiti a ranar.