Yara 90 a aji, babu lantarki: ta ina zan fara zamanantar da koyarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati. An kai mu bita, aka ce mu riƙa amfani da fasahar zamani, mu kuma bar ɗalibai su riƙa jan ragamar karatunsu. To ni ajina yara 90 ne, wasu a ƙasa suke zama, babu lantarki, babu kwamfuta ko ɗaya. Wayata ce kaɗai. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗaliban da ba su wuce 40 ba a sakandare, ke kuwa kina ɗauke da ninki biyu har da ɗoriya.

Kada rashin kwamfuta ya karya miki gwiwa. Gwamnatin Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a shirin One Laptop per Child, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatun yaran ba. Na'ura ta shiga aji, koyarwa kuwa tana nan yadda take. Saboda haka ki fara da ɓangaren da ba ya cin ko kwabo.

Ai mu ba baƙi ba ne a tsarin da ɗalibai ke koyar da junansu. A tsangaya, alaramma ba ya zama ya biya wa kowane kolo allonsa. Gardi ne ke biya wa na ƙasa da shi, yana biyawa nasa karatun na ƙara zama. Ki ɗauki wannan ki kai ajinki. Ki raba su rukuni 15, yara shida-shida, kowane rukuni da mai ƙoƙari da mai rauni. Shugabancin rukuni ya riƙa zagayawa duk mako, don idan kika bar wa haziƙai su kaɗai, sauran za su koma 'yan kallo, yawanci kuma yara mata masu kunya ne ke fara yin shiru.

Sai ki shigo da tambaya a madadin dogon rubutu a allo. Misali, darasin yadda ruwa ke zama tururi: ki tambaye su me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Kowane rukuni ya jiƙa tsumma biyu, a shanya ɗaya, a dunƙule ɗaya, su duba wanda ya riga bushewa. Su shafa ruwa a bayan hannu su hura, su faɗi abin da suka ji. Ki ba su minti 15 su yi gardama, da Hausa ma idan ta fi musu sauƙi, sannan ke ki zaɓi wanda zai yi bayani daga kowane rukuni ba tare da sun san wa za ki kira ba. Bayan nan ne za ki ba su sunan abin da Turanci, su rubuta. Ajin zai yi hayaniya, don haka ki sanar da shugaban makaranta tun da wuri.

Wayarki kuma tana da aiki. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, akwai darussa kyauta a ciki, wasu da Hausa. Ki sauke gajeren bidiyo tun daga gida, na minti biyu ko uku, wayar ta zagaya rukuni-rukuni yayin da sauran ke aikinsu. Ƙaramar sifika mai caji za ta taimaka. Ki keɓe wayar ga abin da ido ba ya gani a aji, kamar bugun zuciya ko kewayar duniya.

Abu ɗaya da ke damuna shi ne, tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, yaranmu da yawa kuma sai a zauren jarrabawa suke fara taɓa ta. Ki kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai, a nemi cibiyar kwamfuta mafi kusa ta riƙa karɓar aji ɗaya ko da sau ɗaya a zango.