Tsofaffin Kaset ɗin Gem: In Zuba Rabin Jarina a Ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina da sana'ar da nake riƙe iyalina da ita. Tun ina yaro nake son gem, wato wasannin bidiyo, da na samu hali sai na shiga sayen tsofaffin kaset da faifai na Nintendo, Sega da PlayStation ina tarawa, yanzu sun cika akwati uku. Nakan sayar da wasu, nakan yi musaya da masu irin sha'awata. Na ji labarin an sayar da kaset guda a kan sama da dala miliyan ɗaya, shi ne nake tunanin in cire rabin jarina in zuba a harkar. Sai dai gaskiya ban san nawa na kashe zuwa yau ba, har nakan sayo abin da ashe ina da shi. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka taɓa rabin jarin nan. Harkar kuwa kada ka bar ta, domin akwai riba a cikinta, kuma kana da abin da yawancin masu shigarta ba su da shi, wato ka san kayan kuma kana son su. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne maganarka ta ƙarshe. Mutumin da bai san abin da ke cikin akwatinsa ba, in ya ƙara kuɗi, ruɗani kawai zai ƙara wa kansa.

Labarin da ka ji gaskiya ne. A watan Yulin 2021 kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke Amurka ya sayar da kaset ɗin The Legend of Zelda a kan dala 870,000, bayan kwana biyu kuma ya sayar da Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56. A watan Agusta aka sayar da wani Super Mario Bros. a kan dala miliyan 2. Amma ka duba me aka saya. Kowannensu yana cikin kwalinsa da ledarsa ta masana'anta, ba a taɓa buɗe shi ba, kuma wani kamfani mai tantance inganci ya ba shi maki ya rufe shi a akwatin roba. Shi Super Mario 64 da ya fito a 1996 an sayar da sama da kwafi miliyan 11, saboda haka wanda aka buga aka gaji yana nan birjik a hannun mutane da arha. Ledar aka saya da makin, ba wasan ba. Kuma lokacin ne annobar korona ta zaunar da mutane a gida, farashin kayan tarawa iri-iri ya yi tashin gwauron zabo. Daga baya farashin irin waɗannan kaset masu maki ya faɗi warwas, har a 2022 wasu masu saye suka kai kamfanin tantancewa na Wata Games kotu bisa zargin hura farashi. Waɗanda suka sayi kaya a ƙololuwar tashin da niyyar jira, da yawansu har yau ba su ga uwar kuɗinsu ba. Wannan kasuwar masu kuɗin da ba sa buƙatarsa ce, ba ta mai ciyar da gida daga juyin jari ba.

Taka kasuwar ita ce ta kayan da aka yi amfani da su, kuma a nan tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Super Mario Bros. na 1985 ya tsufa, amma an sayar da sama da miliyan 40. Stadium Events da Bandai ya fitar a Amurka a 1987 kuwa, Nintendo ya karɓe wasan ya sake masa suna ba da daɗewa ba, ƙalilan suka rage, shi ya sa ake rububinsa. Akwai kuma waɗanda suke da yawa amma masu nema sun fi su yawa, irin su Pokémon na Game Boy, na'urar hannu ta Nintendo, waɗannan su ne hajar da ba ta kwana. Sai wasannin ƙwallo da ake fitarwa duk shekara, waɗanda da sabo ya zo tsoho ya mutu; su ne suke cika tarin da za a kawo maka, su ne kuma kwantai. Ka lura da shekarun masu saye. Mutum yakan nemi abin da ya buga yana ɗan shekara goma ne idan ya kai talatin ko arba'in ya samu abin hannu. Don haka kasuwar na'urar Atari 2600 ta 1977 ta yi sanyi, ta PlayStation 2 da GameCube kuma ta yi zafi.

Farashi hawa uku ne a kowane wasa: kaset tsurarsa, sai cikakke mai kwali da littafin bayani, sai wanda ba a buɗe ba. Tsakanin na farko da na biyu akan samu ninki, wani lokaci ninki da yawa, musamman a kayan Nintendo da kwalinsu na takarda ne, yara suka yage suka zubar. Na Sega Mega Drive yawanci a gidan roba suka zo, saboda haka cikakkunsu ba su yi wuya haka ba. Kada ka yar da kwali ko littafi don ba ka da kaset ɗinsa, shi ma haja ne.

Yanzu ga abin da nake so ka yi kafin komai. Ka zazzage akwatunan nan uku, ka raba kayan gida biyu: na sha'awa da na sayarwa. Na sha'awa kuɗinsu daga aljihunka yake fita, kamar duk wani abin more rayuwa, kuma ba ka ƙirga su a jari. Na sayarwa kuwa duk wanda ya kawo farashi sai ka sallama, ko da ranka yana so. Na san wannan rabon da ciwo, domin zuciyarka za ta riƙa jan masu kyau duka zuwa ɓangaren sha'awa. Amma cutar wannan sana'a ke nan: mai ita yakan adana zaɓaɓɓu, ya bar tarkace a kan tebur, sannan ya ce wa kansa yana kasuwanci. In wani kaya ya zo a cikin haja ka ji ba za ka iya rabuwa da shi ba, ka saye shi daga hannun kanka a farashin kasuwa, ka zuba kuɗin a asusun haja. Sau biyu ko uku za ka yi haka ka gane ainihin tsadar sha'awarka.

Sai kundi. Ko a littafi ne ko a jadawalin kwamfuta, kowane kaya ya samu layinsa da lambarsa, ka rubuta lambar a 'yar takarda ka saka tare da shi a jakar leda. Kada ka manna komai a jikin kwali ko tambarin kaset, cire shi yana ɓata kaya. A layin ka sa sunan wasa, na'urarsa, yankinsa, abin da ya zo da shi, aibinsa, ranar da ka gwada shi, nawa ka saya, a wajen wa, da kuma nawa ka sayar.

Maganar yanki tana buƙatar natsuwa, domin a nan ake yawan yin asara. Wasa ɗaya yakan fito kala uku: na Japan, na Amurka, na Turai, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Na'urar Nintendo mai suna Famicom da ta fito a Japan a 1983 ita ce ta zama NES a Amurka a 1985, amma kaset ɗin wannan ba ya shiga waccan, ɗaya haƙoran ƙarfen da ke bakinsa 60 ne, ɗaya 72. Lambar da ke jikin kaya ita ke faɗa maka asalinsa. A faifan PlayStation, SLUS da SCUS na Amurka ne, SLES da SCES na Turai, SLPS da SCPS na Japan. A Super Nintendo, SNS na Amurka, SNSP na Turai, SHVC na Japan. Ka rubuta wannan lamba cikakkiya a kundi. Ka kuma bambanta bugun farko da maimaici, irin masu tambarin Greatest Hits, Platinum ko Player's Choice, waɗanda aka sake bugawa da arha bayan wasan ya karɓu. Masu tarawa sukan biya ƙasa a kansu. Kowane kaya ka ɗauke shi hoto gaba da baya. Ranar da wani zai dawo maka da wani kaset daban ya ce naka ne ya ƙi yi, hoton ne shaidarka.

Abin da ka manta farashin sayensa, ka yi masa ƙiyasi na gaskiya ka sa alamar cewa ƙiyasi ne. Daga yau kuma ba a sake sayen abu ba rubutu.

Wajen sa farashi, kada ka dubi abin da mutane suke nema, ka dubi abin da aka biya. A kasuwar intanet ta eBay akwai wurin duba cinikin da ya riga ya faɗa, shafin PriceCharting kuma yana tattara irin wannan ya raba shi hawa ukun da na faɗa. Amma wannan adadin ba shi ne zai shiga aljihunka ba. Ka cire kamashon dandalin, kuɗin aikawa, kuɗin kunshi, canjin kuɗi in da shi, da kason kayan da za a dawo maka da su. Kuma mai saye da ke kusa da kai ba lallai ya biya abin da na wata ƙasa ya biya ba.

Ribar wannan harka a wajen saye take. Mafi yawanta daga tari take fitowa, wato mutum ya kawo jaka guda ya ce a saye duka. A ce kaset 30 ne. Ka ware huɗu ko biyar da ka tabbata za su tafi cikin wata guda, ka haɗa abin da za su kawo bayan cire kashe-kashe. Idan 100 ne, ko da wane irin kuɗi kake ciniki, kada tayinka a kan jakar gaba ɗaya ya wuce 60 ko 70. Ta haka masu saurin tafiyar sun dawo maka da uwar kuɗi da ɗan ƙari, sauran 25 ɗin kuma duk abin da suka kawo riba ne, in sun kwanta ba su kwanta da jarinka ba. A kundi ka raba kuɗin tarin gwargwadon darajar kowanne, ba daidai wa daida ba, in ba haka ba lissafi zai nuna maka ribar ƙarya a wani, asarar ƙarya a wani. Ina kuma roƙonka, idan mai kayan bai san darajar abin da ya kawo ba kuma ka ga akwai mai tsada sosai a ciki, ka faɗa masa ka biya shi da adalci. Masu wannan sha'awa ba su da yawa, sun san juna, kuma mutumin da ka yi wa gaskiya shi zai turo maka na gaba.

Jabu ya yi yawa, musamman Pokémon na Game Boy Advance. Ka sayi sukundireba na musamman da ake buɗe kaset da su, mai milimita 3.8 da mai 4.5 da mai baki uku, ba su da tsada. Duk kaya mai daraja ka buɗe shi kafin ka biya. Na asali za ka ga sunan Nintendo a bugge tsaf a jikin allon ciki, a tambarin waje kuma akwai 'yan lambobi da aka danna suka shiga takardar, sai ka karkata shi ga haske za ka gani. Na jabun Game Boy Advance sau da yawa za ka tarar da wani baƙin ɗigo kamar kwalta a allon. Wanda ya hana ka buɗewa, ka bar masa kayansa. In kuma jabu ya shigo hannunka, ka sayar da shi a matsayin jabu ko ka ajiye shi don kwatance.

Kayan nan suna lalacewa ko a ajiye suke, kuma wannan wani dalili ne da ya sa ba na son ka kwantar da jari a kansu. Da yawa daga kaset masu adana ci gaban wasa suna da ɗan batir a ciki, yakan mutu. Na Pokémon Gold da Silver ya fi saurin mutuwa saboda agogon da ke cikinsu. Ka koyi canza shi, ƙaramin aiki ne da ke ƙara wa kaya kuɗi, amma ka faɗa wa mai saye an canza. Faifai ka ɗaga shi ga haske, in ka ga ƙananan ramuka haske na ratsawa, ya fara ruɓewa, ba ya gyaruwa. Haƙoran kaset da sinadarin isopropyl ake goge su, ba da hurawa da baki ba, danshin numfashi tsatsa yake kawowa. Rana tana kashe launin tambari, danshi yana cin kwali. Ka kula da wuta: na'urorin Japan a kan bolt 100 aka yi su, kuma adaftar NES tana iya ƙone Famicom ko da bakinta ya shiga.

Musaya ma ciniki ce. Ka rubuta ta a matsayin sayarwa da saye, kowane ɓangare da farashinsa na ranar.

To nawa za ka zuba? A yanzu, ko sisi daga babbar sana'arka, balle bashi. Jarinka na farko yana cikin akwatunan nan: waɗanda ka saya sau biyu da duk abin da ya faɗa ɓangaren haja. Ka sayar da su, ka buɗe wa kuɗin asusu daban, ka juya shi wata shida a fanni guda da ka fi sani, a ce Game Boy kaɗai ko PlayStation ta farko kaɗai, domin babu mai sanin komai a wannan harka. A ƙarshen wata shidan kundi zai nuna maka ribar da ta rage bayan kashe-kashe, da kwana nawa kaya ke yi kafin ya tafi, da kason da ya kwanta. Ka kwatanta wannan da abin da kuɗi iri ɗaya ke kawo maka a sana'arka ta yanzu. In gem ya fi, ka ƙara masa daga riba, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na jarinka a karon farko. In bai fi ba, ka ci gaba da tarawa daidai ƙarfin aljihunka, cinikin gefe yana biya maka kuɗin sha'awar.