Ga ɗan'uwan da ya gaji 504 Coupé: kada ka kai ta gareji tukuna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗan'uwa mai tambaya, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Na ga hotunan Peugeot 504 Coupé ɗin, mai ƙofa biyu, da ya bari a bayan gida a Yelwa, na kuma karanta tambayarka: da fenti za ka fara ko da inji, sannan ko ka bi shawarar makanikin da ya ce a cire injin a sa na Toyota kowa ya huta. Wallahi da na ga tayoyin nan sun nutse cikin ƙasa sai da gabana ya faɗi, don irin motarka ce sak a hannuna, mai fitilu huɗu a gaba, kuma abin da ake shirin yi maka ni an riga an yi mini.

Ba fenti, ba inji. Don girman Allah kada ka bari a ja motar nan zuwa garejin kowa tukuna.

Kowa a zauren nan ya san 504, ba sai na tsaya bayani ba. Tun 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna, kuma duk mun sha shiga wagon daga Bauchi zuwa Jos ko Kano. To wannan sabon da muka yi da ita shi ne tarkon. Mutum zai hango zakin Peugeot a hancin motarka ya ce ai kayanta birjik suke a kasuwar Panteka ta Kaduna. Kayan inji da giya, eh, za ka samu da yawa da suka dace. Amma bodi fa? Ko ƙofa ɗaya ta salun, wato 504 mai ƙofa huɗu da muka saba da ita, ba za ta hau ba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana Coupé kuma ya ƙera bodinta, sannan a kai Sochaux a Faransa a ƙarasa haɗawa. Daga 1969 zuwa 1983 aka yi ta, kuma duk duniya ba su kai 30,000 ba, alhali 504 gaba ɗaya ta haura miliyan 3. Tsakanin tayar gaba da ta baya ma ta fi salun gajarta da santimita 19. Gilashi, fitilu, danja, bamba, ƙarafan ado masu sheƙi, robobin ƙofa, duk nata daban ne. Abin da ya fashe ko ya ɓace a cikinsu, ka shiga uku.

Ni tawa a Jos na saye ta wurin iyalan wani dattijo. Komai nata yana jiki, ko ƙwan fitila ba a cire ba, tsatsa ce kawai ta ci ƙasan ƙofofi da wurin taka ƙafa. Aka haɗa ni da wani mai gyaran bodi a nan cikin gari, aka ce duk Bauchi babu mai hannunsa, kuma mutum ne da muke haɗuwa a sahu ɗaya ranar Juma'a. Ya zagaya motar yana shafa ta, yana cewa Alhaji wannan ai amarya zan mayar maka da ita kafin damina. Ya nemi kuɗin kabaid da falange da fila (ƙullin da ake cike lotsawar bodi da shi) tun a farko, na ba shi ba tare da na rage ko sisi ba. Aiki ya kai ni Gombe, kullum na kira sai ya ce aiki na tafiya, saura kaɗan.

Ranar da na dawo na shiga garejin an yi ruwa da asuba. Na duba inda na bar ta babu ita. An tura ta can baya ƙarƙashin dogon yaro, kusa da inda suke zubar da baƙin mai. Babu gilashin gaba, babu na baya, tamfol ɗin da aka yafa mata ya yage ya zama kwarin ruwa. Na leƙa ciki na ga ruwa kwance a wurin taka ƙafa har ya yi kore, tsutsar sauro na yawo a ciki. Kujerun gaba, na asali, waɗanda dattijon nan ya adana shekara da shekaru, an fito da su an ajiye a rumfa yaran gareji na cin abinci a kai, duk manja da giris. Na tambayi gilashin gaba. Wani yaro ya nuna mini bango. Yana jingine, tsage daga sama har ƙasa, wai wani ne ya yi ribas da mota ya taɓa shi. Ba wanda ya kira ni ya faɗa mini. Danjar baya, mai gida uku a karkace ɗin nan da kai ma kake da irinta, ta ɓangaren dama babu ita, har yau ban san inda ta shiga ba. Notuna da kusoshi kuwa an zuba su a gwangwanin madara ɗaya tare da na wasu motoci.

Duk wannan bai kai abin da na gani a ƙasan ƙofa ba. Mai gyaran ya riga ya shafe wurin da fila ya goge ya yi sumul, yana nuna mini yana murmushi. Na sa makulli na ƙwanƙwasa, sai na ji sautin ba na ƙarfe ba ne. Na danna da ƙarfi, fila ta ɓanɓaro ta faɗo kamar yaɓen ɗakin ƙasa a tsakiyar damina. A bayanta takardar buhun siminti ce aka cusa da guntun ragar waya, tsatsar tana nan yadda na kawo ta, ko karcewa ba a yi ba. Motar nan ba ta da wata shasi daban da bodi ke zaune a kai, wannan ƙasan ƙofar yana cikin abin da ke riƙe da ita. Iyalina zan ɗauka a ciki fa. Na tsaya na kasa magana, hawaye na zubo mini a gaban yara. Shi kuwa abin da ya ce shi ne: Alhaji tsohuwar mota ce fa, ka ɗauki abin da zafi. Har gobe idan na tuna maganar nan zuciyata tafasa take yi. Ba asarar kuɗin ce ta fi ƙona mini rai ba, rainin ne. Bai taɓa ganin wani abu a motar ba sai tarkacen da wani mai kuɗin banza ya kawo masa. Muka je gaban manyan sana'arsu aka yi zama, aka ce a yi haƙuri, ɗan'uwa ne. Na haƙura na bar wa Allah, amma ban ƙara tsayawa mun gaisa ba.

Gilashin nan na neme shi a Panteka, na neme shi a Ƙofar Ruwa a Kano, na sa an zagaya mini Ladipo a Legas, kowa sai ya ɗauko na salun ya rantse zai hau. Ba ya hawa. A ƙarshe wani ɗan'uwanmu da ke karatu a Faransa ne ya samo, aka yi masa akwatin katako aka turo ta jirgin ruwa, kuɗin kawowa ya fi kuɗin gilashin. Danjar ma ta can ta zo, kuma launinta bai yi daidai da ta hagu ba.

Saboda haka ka fara daga gida. Ka ɗauki hoton kowane lungu kafin a kwance komai. Fitilu, danja, bamba, ƙarafan ado, agogon dashbod, kujeru, da hannunka ko a gaban idonka za a cire su, kowane da notunansa a leda ka rubuta sunansa, ka kulle a ɗaki. Gilashi kuwa kada a ɓanɓare shi da sukudireba. A yanka tsohuwar robar da wuƙa ya fito salin alin, amma sai ka tabbatar ka samu sabuwar roba tukuna. Idan da hali ma mai walda ya zo gida ya yi aikin, ka biya shi kashi-kashi, abin da ya gama ka gani ka biya. Ka sayi ɗan maganaɗisu ka riƙa bin bodin da shi, inda ya ƙi kamawa fila ce. Ka ɗaga kafet, ka duba cikin but, gindin gilashi, da wurin da ƙafar baya ke ɗaure da bodi. Tsatsa yanke ta ake yi a sa sabon ƙarfe, ba a rufe ta.

Maganar injin Toyota, ni dai ban yarda ba, kuma ba don ina raina Toyota ba. Tunda taka mai fitilu huɗu ce, to ta kafin ƙarshen 1974 ce, wato silinda huɗu mai famfon feshin mai na Kugelfischer, don V6 mai silinda shida sai a 1974 ta shigo. Wannan famfon ne makanikai ke gudu, da sun buɗe bonet ba su ga kafireto ba sai su ce a cire. Abin da yake so kawai fetur mai tsabta da famfon lantarki mai ƙarfi, kuma kada wanda bai san shi ba ya taɓa saitinsa. Idan ya gagara a yanzu, ka nemi cikakken injin salun mai cc 1971 da kafireto ka ɗora, shi ne ya fi kusa da nata kuma ba sai an yayyanka mota ba. Na asalin ka zuba masa mai, ka rufe, ka ajiye a ɗaki. Kada ka sayar wa 'yan gwangwan, kada ka bar shi a gareji.

Kuma kada kowa ya haɗa batir ya murza makulli don a ji ko za ta tashi. Na san zuciya na so, ni ma na ji wannan ɗokin. A cire fulogi, a ɗiga mai a kowace silinda a bar shi ya jiƙa, a juya injin da hannu. A sauke tanki a wanke, don tsohon fetur ya zama danƙo kuma zai toshe famfon nan. Idan an kai ga cire top, wato kan injin, ka tsaya a kansu: silif ɗin injin nan, wato bututun da fistin ke tafiya a ciki, zare su ake yi, ruwa ke zagaye da su kai tsaye. Idan aka juya kiranshaf ba a danne su ba za su ɗaga, abin da ke tare ruwa a gindinsu ya saki, ka wayi gari baƙin mai ya haɗu da ruwa. Tsofaffin makanikan Peugeot sun san wannan sarai. Irinsu za ka nema, masu furfura, waɗanda suka yi zamanin motocin haya na tasha, ba yaron da komai sai ya jona kwamfuta ba. Ni wani dattijo ne ya tashi injina, idonsa ya yi rauni amma da kunne yake saita ta, Allah ya saka masa da alheri.

Af, kafin ka kashe ko kwabo, kun yi rabon gado? Ka yi haƙuri da tambayar, ba shisshigi ba ne. Yau kowa a gidan kallon tarkace yake mata. Ranar da ta fito tana ƙyalli za ka ji an tuna cewa motar Baba ce. A yi mata kuɗi yadda take yanzu a gaban shaidu, a sa a rabonka ko ka biya sauran magada, a rubuta. Ka kuma nemo takardunta na asali a cikin kayan marigayi, ka gwada lambar da ke jiki da ta takarda. Uwargida ma ka faɗa mata gaskiyar abin da za ka shiga, don aikin nan yana cin kuɗi da ranakun hutu, kuma za ka sha jin mutane na cewa da ka sayi fili.

Masu cewa asara ce ba su san abin da ke ajiye a bayan gidanku ba. Irin bodin nan ne, mai injin V6, Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da shi a 1978. Mota ce da aka gwada a kan turɓaya da laka irin tamu. Ranar da na fara fita da tawa hanyar Dass da sassafe, duwatsun nan na gefe, na sa giya ta huɗu na ji yadda ta kwanta a hanya, sai na sauka gefen titi na yi wa dattijon da ya adana ta addu'a. Kai kuma taka ta mahaifinka ce, abin zai fi haka.

Birki kafin ka hau titi. Faifai ne a duk ƙafafu huɗu, kuma ƙafar baya kowace da kanta take motsi, don haka kayan wagon da na fikof ba za su yi maka a baya ba, kada a yaudare ka. Na baya sukan ƙage idan mota ta daɗe a tsaye, kuma fistin ɗinsu murza shi ake yi, ba a buga shi da guduma. A canja robobin birki da bututun roba gaba ɗaya ko da sun yi kyau a ido. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma ba a fili ba lokacin hunturu, ƙurar nan za ta zauna a ciki ka yi kuka.

Yanzu ka cire tayoyin ka ɗora ta a kan katako ta rabu da ƙasa, ka yi mata rumfar kwano maimakon tamfol, don tamfol gumi yake tarawa. Ka turo mana hoton ƙasan ƙofofin biyu da na cikin bonet ta ɓangaren famfon. Ina da ragowar robar ƙofa da ban yi amfani da ita ba, idan ta dace na ba ka kyauta. Ranar Asabar bayan la'asar ina gari, ka yi mini magana ta akwatin saƙo in zo da maganaɗisuna mu duba ta tare.