Littafina ya ce riba 270,000, kawuna ya ce 870,000: wa ke da gaskiya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ke riƙe da littafin butik ɗin kawuna a nan Maradi, muna sayar da shinkafa, sukari, mai da taliya, sari da ɗai-ɗai. A watan jiya mun fara da kaya na sefa 4,000,000 a mangaza. Mun saro na 6,000,000, muka biya 4,500,000, sauran bashi ne. Mota da dako sun ci 150,000. Mun sayar da na 7,200,000, amma 900,000 na hannun mutane. Mun biya hayar wata shida 300,000, albashin yaro 80,000, kawu kuma ya ɗauki 400,000 don gida. Da na cire komai sai na samu riba 270,000. Kawu ya ƙirga kes ya ga ta ƙaru da 870,000, ya ce ita ce riba, zai cire ta ya cika kuɗin fili. Yanzu kallon wanda bai san aikinsa ba yake yi mini, ko barci ba na samu. Ina kuskurena?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, babu ko dala da ta ɓace a lissafin nan. Amma kada kawu ya taɓa kuɗin tukuna. Da kai da shi duka ba ku kai ga ribar ba, kuma nasa kuskuren ne mai haɗari.

Naka mai sauƙin gyara ne. Ka shigar da harkokin wata, ba ka yi gyaran ƙarshen wata ba. Bari mu tabbatar shigarwar yau da kullum ta zauna daidai, da lambobin tsarin SYSCOHADA da aka sabunta, watau tsarin lissafin kasuwanci na ƙasashen OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka), wanda ke aiki tun 1 ga Janairun 2018. Sari: asusun saye 601 debi (ɓangaren hagu na asusu) 6,000,000, kes 571 kiredi (ɓangaren dama) 4,500,000, masu ba ku kaya 401 kiredi 1,500,000. Mota da dako su shiga 6015, domin suna cikin kuɗin sayen kayan. Ciniki: 571 debi 6,300,000, masu cin bashi 411 debi 900,000, sai asusun ciniki 701 kiredi 7,200,000. Abin da aka biya ta waya yana da asusunsa, 552, kada ka cuɗa shi da kes. Kuɗin da kawu ya ɗauka kuwa ba kashin butik ba ne ko kaɗan: asusun mai butik 104 debi, 571 kiredi. Ka sa su cikin kashe-kashe, sai suka cinye maka riba 400,000 a banza. Buhun shinkafar da aka kai gida shi ma 104 ne, a rage shi daga 601 a farashin saye.

Gyaran ƙarshen wata guda huɗu ne a wurinku. Haya: kun biya wata shida, wata ɗaya kaɗai kuka ci, watau 50,000. Sauran 250,000 ka fitar da su daga asusun haya 622 ka ajiye a 476, asusun abin da aka biya tun kafin lokacinsa. Wuta: ba ka ambace ta ba, na san don faktir ɗin NIGELEC bai iso ba ne, amma an sha wutar. Ka kimanta da na watan baya, a ce 25,000: 6052 debi, 408 kiredi. Tsufan kayan aiki: in kuna da babur mai ƙafa uku na kai kaya, a ce na 1,200,000 da zai yi shekara huɗu, 25,000 ke nan kowane wata, 681 debi, 2845 kiredi. Na huɗun shi ne babba, ƙirgar kaya. A rufe mangaza ranar ƙarshen wata, mutum biyu su shiga, ɗaya na ƙirga ɗaya na rubutawa, buhu-buhu, katan-katan, jarka-jarka. A yi musu kuɗi da farashin saye haɗe da dako, ba farashin sayarwa ba. In farashin sari ya canza cikin wata, ka bi matsakaicin farashi ko ka bi tsarin wanda ya fara shiga shi ya fara fita, amma wanda ka zaɓa ka tsaya a kansa. Sai ka soke tsohon kaya, 6031 debi 4,000,000, 31 kiredi, ka shigar da sabo, 31 debi, 6031 kiredi.

A ce ƙirgar ta ba da 3,700,000. Kayan da suka fita sun ci 4,000,000 a tara da 6,150,000 a cire 3,700,000, watau 6,450,000. A cire su daga ciniki, saura 750,000. A cire haya, albashi, wuta da tsufan babur, jimilla 180,000. Riba 570,000. A cikinta kawu ya riga ya ɗauki 400,000, abin da ya rage masa 170,000 ne.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda nake cin karo da ita kullum a bakin ƴan kasuwa, manya da ƙanana: wai abin da ya ƙaru a kes shi ne riba. Wannan tunanin ya rufe butik da yawa, kuma masu su har yau sun ɗauka yaran shago ne suka cuce su, ko an yi musu baki. Duba 870,000 ɗin nan da kyau ka ga na wane ne. Akwai 1,500,000 na mutumin da ya ba ku kaya, wanda zai aiko a karɓa cikin kwanaki, kuma duk abin da ya ƙaru a kes ɗin bai kai ya biya shi ba. Akwai 300,000 da suka zo daga raguwar kaya: kun fara da na 4,000,000 kun ƙare da na 3,700,000, kayan ne suka rikiɗe suka zama kuɗi, uwar kuɗi ce ta sauya kama. Wanda ya ɗauke su ya sa a fili ya yi abin da manomi ke yi in ya tuƙa tuwo da irin shuka. Kes za ta fi cika a watan da aka sayar ba a saro ba, ko aka saro ba a biya ba. Ashe ke nan watan da ya fi hatsari shi ne ya fi faranta wa mai butik rai.

Kuma abin ba ya bayyana nan take, shi ya sa yake kisa. Watan farko a cire, babu abin da ya faru. Na biyu a jinkirta biyan mai kaya, a ce kasuwa ce ta yi sanyi. Na uku a rage sari, ana ɗauko buhu tamanin maimakon ɗari. Mai saye ya zo bai samu sukari ba ya wuce maƙwabta, ciniki ya ragu, sai a ƙara cin bashin kaya da farashi mai tsada domin mai ba da bashi ya fara shakka. Kafin shekara ta zagayo mangaza ta yi fili, a lokacin ne za a fara neman ɓarawo, kuma wanda ke riƙe da littafi ake fara kallo. Juyin abin ma yana faruwa: gabanin azumi, in an cika mangaza da sukari da mai, kes ta bushe ƙarƙaf, mai butik ya ɗauka faɗuwa yake yi, ya kori yaro ko ya karya farashi, alhali ribarsa na jibge a buhuna.

Don ka ga nauyin ƙirgar nan: da an samu 3,200,000 maimakon 3,700,000, da ribar ta dawo 70,000, kes kuwa tana nan da 870,000 ɗinta. Duk buhun da ɓera ya ɓata, ko ruwan damina ya jiƙa, ko aka ba wani ba a rubuta ba, ƙirga ce kaɗai ke tona shi. Da yawa ba sa ƙirga kaya sai sau ɗaya a shekara lokacin fidda zakka. Doka ma sau ɗaya ta wajabta, a ƙarshen shekarar lissafi. Amma mai kayan masarufi da ke juya miliyoyi kowane wata, in ya jira wata goma sha biyu, ya gano ɓarnar a lokacin da ba ta gyaruwa. Kayan da suka lalace ko suka kusa ƙarewar wa'adi kada a ƙirga su da cikakken kuɗi, a rage darajarsu, 6593 debi, 391 kiredi. Haka 900,000 na hannun mutane: ka jera su da suna da kwanan wata, wanda ya daɗe har aka fara shakkar biyansa ka mai da shi 416, ka yi masa tanadi a 491.

Wani abin takaici shi ne masu yawo da jaka suna kiran kansu kontabul, ba a ganinsu sai lokacin lanfo ya matso. Su zauna dare biyu su ƙirƙiro littafin shekara guda daga ka, ba su taka mangaza ba, su sa adadin kaya da zai sa balans ta daidaita. Balans mai daidaito ba shaida ce ta gaskiya ba, ƙarya ma tana daidaita in an rubuta ta hagu da dama. Su ne kuma ke gaya wa mutane ƙaramin butik ba ya buƙatar duk wannan. Tsarin lissafin kes mai sauƙi da OHADA ta yarda da shi na ɗan kasuwar da cinikinsa bai kai miliyan 60 a shekara ba ne. Ku da 7,200,000 a wata kun haura miliyan 86, cikakken tsari ne ya hau kanku. In kuna cikin masu karɓar TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, kuɗin nan ba naku ba ne, ya shiga 443, wanda kuka biya wurin sari ya shiga 445, kada ɗayansu ya taɓa 701 ko 601.

Kayan da kuke ɗaukowa ta Jibiya da naira, ka rubuta su da sefa a canjin ranar sari. In bashi ne kuma canji ya motsa kafin biya, bambancin ya tafi 656 in hasara ce, 756 in riba ce.

Wajen gyara abin da ka riga ka rubuta, kada ka kankare, kada ka shafa farin ruwa, kada ka yage shafi. Ƙa'idar ita ce ka sake rubuta layin kuskuren da alamar ragi, sannan ka shigar da daidai a ƙasansa. Ranar ɗaya ga sabon wata ka juya shigarwar 476 da 408, in ba haka ba wuta za ta shiga sau biyu idan faktir ya iso, haya kuma ta maƙale. Faktir da rasit duka a adana, shekara goma doka ta ce.

Wurin kawu kuwa, kada ka je masa da lambobin asusu, kuma kada ka yi maganar a gaban yaran shago. Ka same shi shi kaɗai bayan an rufe, ka roƙe shi ya shiga mangaza ku ƙirga tare. Sai ka ajiye masa takarda ɗaya mai layi huɗu: kuɗin kes, kayan mangaza, abin da ake bin ku, abin da kuke bi. Ka nuna masa 1,500,000 na mai kaya kusa da 870,000 na kes, ka tambaye shi ranar da aka yi alkawarin biya.